Laccar Kimiyya a Jami'a Ba Ta Ɗalibai Kaɗai Ba Ce

Yana damuna yadda mutanenmu da yawa a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas suka ɗauka cewa laccar kimiyyar sinadarai ko ta halittu da ake gabatarwa a jami'a ta ɗalibai da malamansu ce kawai, wanda ba shi da katin makaranta ba zai shiga ba. Zaton yana da dalili, domin akwai masu gadi a ƙofa, kuma da Turanci ake jawabin.

Amma darasin aji daban yake da laccar da ake gayyatar jama'a. Idan malami ya zama farfesa, al'adar jami'o'i ce ya tsaya gaban mutanen gari ya bayyana abin da ya gano a bincikensa, ta yadda wanda ba fanninsa ba ne zai fahimta. Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, tana yin haka, kuma ba a biyan kuɗin shiga.

A ganina 'yan kasuwa ne suka fi buƙatar halarta. Mai sayar da gyaɗa ko masara zai iya jin yadda fumfunar da ke kama hatsi mai danshi, danshin da ya yawaita a iskar Legas, take fitar da gubar aflatoksin wadda ke lahanta hanta har ta jawo ciwon daji, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Rigakafinta shi ne busar da hatsi sosai kafin a ɗura a buhu. Wanda Turanci ya yi wa nauyi sai ya tafi da ɗansa ɗan makaranta ya fassara masa.