Gidan ba kowa, amma shukar tana da mai ita

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare har mun daina jin nauyinta. Gida ya zama kango, masu shi sun tashi ko sun rasu, ƙofa a garƙame, ciyawa ta rufe tsakar gida. Sai ka ga mutum mai sallah da azumi ya tsallaka katanga da shebur da buhu, ya tuge fure, ya haƙe ɗan lemon da aka dasa, ya kinkimi tukwanen shuka ya loda a baro. In ka yi magana ya ce, "Ai ba kowa a gidan." Ko ya ce, "Mutuwa za su yi, gara in cece su." Wallahi wannan magana tana da daɗi a baki, amma ba ta wanke kowa.

Ɗan uwana, ba kowa a ciki daban, ba mai shi daban. Da wuya ka sami fili ko gidan da babu sunan wani a kansa. Wataƙila mai shi yana wata ƙasa yana nema. Wataƙila yana kwance a asibiti. Wataƙila ya rasu, gidan ya koma hannun magada ba a raba ba tukuna, kuma a cikinsu akwai yara ƙanana. Wani gidan banki ne ya riƙe shi saboda bashi, wani yana gaban alƙali ana shari'a a kansa, wani na hukuma ne. Ko wanne ne a ciki, abin da ya kafa saiwa a ƙasar yana bin ƙasar. Bishiya, fure, shingen tsirrai, duk dukiyar mai filin ce kamar yadda ƙofa da taga suke nasa. Kai da ba za ka iya cire tagar ka kai gidanka ba, me ya sa hannunka bai yi rawa ba da ka kama gindin shukar?

Ka tsaya a kan maganar marayun nan. In gidan na gado ne, kowane tsiro a cikinsa akwai rabon kowane magaji. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i mun san abin da ta ce game da mai cin dukiyar maraya da zalunci. Ba ta ware dukiya mai yawa da kaɗan ba. Ko mai kula da marayun ba shi da ikon yin kyauta da dukiyarsu don a ji daɗinsa, balle kai da ka shigo ta baya.

Wasu suna fakewa da tsintuwa. Haba. Tsintuwa abu ne da ya ɓace wa mai shi, ka same shi a yashe ba ka san na waye ba, kuma ko ita sai an yi cigiya shekara guda in mai daraja ce. Bishiyar da take tsaye inda mai ita ya dasa ta ba ta ɓata ba. Ita tana wurinta, kai ne ka je inda ba naka ba. Wasu kuma su kawo rangwamen da ya zo game da mai wucewa ta lambu ya ci 'ya'yan itace. Malamai sun yi saɓani a kan iyakarsa, kuma ko waɗanda suka yi sauƙi sun ce ci ne a wurin, ba a ƙunsa a tafi da shi. Ina ci a wurin, ina tuge itacen da saiwarsa?

Dokar mutane ma ba ta bar ka ba. Ƙasashe sun bambanta a bayani, amma kusan ko'ina abu uku ne suke hawa kanka lokaci guda: shiga wuri ba izini, ɗaukar abin wani, da ɓarnar da ka bari. A Ingila dokar sata ta 1968 ta ɗauke wa mai tsinkar fure ko 'ya'yan tsiron da ya fito da kansa laifin sata muddin ba sayarwa zai yi ba, amma wannan sassauci bai shafi abin da aka dasa ba, kuma wata doka ta 1981 ta hana tuge ko da tsiron daji ne ba da izinin mai fili ba. A wasu jihohin Amurka wanda ya sare ko ya ɗauke bishiyar wani da gangan yana iya biyan ninki uku na asarar. Rashin katanga ba izini ba ne. Ƙofa a buɗe ba gayyata ba ce.

To, mu dawo kan "ceto" ɗin da ake taƙama da shi, domin nan ne abin ya fi ba ni takaici. Mai sata sauri yake yi, ita kuwa shuka ba ta son sauri. Abin da yake sha wa bishiya ruwa ƙananan jijiyoyi ne masu laushi kamar gashi, kuma sun bazu nesa da gindi, sau da yawa har sun wuce inda inuwar rassan ta tsaya. Masu aikin dashe suna barin dunƙulen ƙasa mai faɗin kusan ninki 10 zuwa 12 na kaurin gindin. Wato gindi mai kaurin santimita 5 yana buƙatar dunƙule mai faɗin santimita 50 zuwa 60, kuma wannan nauyi ne da mutum ɗaya ba zai tsallaka katanga da shi ba. Me ake yi? Sai a sassare kusa da gindi, a fizge, ƙasar ta zube, saiwar ta fito tsirara ta sha iska da rana. Kwana biyu ganye ya yi yaushi, mako biyu ya kakkaɓe, wata guda an sami itacen wuta. Mai doguwar saiwa guda da ta nutse ƙasa, in ta katse, da wuya ta farfaɗo. Shukar da ta shekara tana jure rashin ban ruwa a wurinta, ga shi ka kashe ta da hannunka. Ka ɗauki haƙƙi, ba ka kuma sami komai ba.

Ga abin da kake jawo wa kanka kuma. Ƙasar jikin tsohon gini tana iya ɗauke da gubar dalma daga tsohon fenti, ka kai ta inda kake shuka abin ci. Tsiron da aka daɗe ba a kula da shi yakan zo da ƙwari a bayan ganye da tsutsar da take kumbura saiwa, su bazu a lambunka. A kango akwai maciji da kunama, akwai tsohuwar rijiya da ramin masai da ciyawa ta lulluɓe, akwai bututun ruwa da wayar lantarki a binne daidai inda za ka kafta diga. Ramin da ka bari a buɗe kuma, in yaro ya faɗa ya karye, wa za a tambaya?

Alhali hanyar halal ba ta da tsawo. Ka tambayi maƙwabta wa yake da gidan. In akwai allon sayarwa ko na haya, lambar dillali tana jiki, shi zai haɗa ka da mai shi. In abin ya faskara, ana iya samun sunan mai mallaka a ofishin rajistar filaye. Amma ka kula: maigadi ba mai gida ba ne, dillali ba mai gida ba ne, maƙwabcin da aka bar wa makulli ma haka, sai in an ba su wannan ikon. "Ɗauka kawai, ba komai" daga bakin wanda bai mallaka ba bai halatta maka komai ba. In gidan gado ne, sai magada sun yarda ko wakilin da suka naɗa, kuma rabon yara a biya kuɗinsa. In an sayar da gidan, sabon mai shi za ka nema. Ka sa a rubuta maka, ko da saƙon waya ne: wace shuka, guda nawa, wace rana za ka shiga. Mutane da yawa, musamman in rushe ginin za a yi, da murna za su ce ka kwashe.

Kuma sau da yawa ba ka ma buƙatar uwar. Ka roƙi reshe. Yanka mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a yanke shi ƙasa da gaɓa da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen ƙasa a bar biyu ko uku a sama, a soka a ƙasa mai yashi-yashi da danshi, a ajiye a inuwa. Furanni da yawa suna yin saiwa cikin mako 3 zuwa 6. Shi ma reshen da izini, kada a ce na ce. In kuwa an ba ka shukar gaba ɗaya, ka ba ta ruwa sosai kwana guda kafin haƙa, ka fara tona ramin da za ta shiga, ka haƙe ta da yamma, ka naɗe dunƙulen da buhu mai jiƙa, ka dasa ta daidai zurfin da take a da. Sannan ka koma ka cike ramin mutane.

'Yar uwa, ke ma da ke nake. Furen nan da yake bakin ƙofarki, wanda baƙi suke yabawa, daga ina ya zo? Kullum kina ba shi ruwa, kullum yana toho, kuma har yau mai shi bai yafe ba domin bai ma sani ba.

Istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin mutum. In shukar tana raye, a nemi mai ita a gaya masa, ya karɓa ko ya sayar ko ya yafe. In ta mutu, a biya ƙimarta. In an nema iyakar nema ba a same shi ba ko magadansa, a yi sadaka da ƙimar da niyyar ladan ya je masa, kuma in ya bayyana daga baya zaɓi nasa ne. Da kunya, na sani. Kunyar ƙwanƙwasa ƙofa ta minti biyar ce.

Don Allah a nemo lambar mutanen nan yau, a kira su.