Fadar talaka a ƙarƙashin birnin Mosko

Masu cewa zane-zanen zamanin Tarayyar Sobiyet farfaganda ce kawai, ina jin ba su taɓa sauka tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko ba. Farfaganda ce, babu musu, amma ta sha aiki.

A 1935 aka buɗe layin farko. Da na shiga tashar Komsomolskaya, wadda aka buɗe a 1952, sai da na tsaya na saki baki: manyan fitilu na reto, ginshiƙan marmara, rufi ya sha ado da ruwan zinare. Ba don sarki aka yi ba, don lebura ne mai sammakon zuwa masana'anta. Wannan kam na yaba, ko da wa ya yi shi.

Inda na fi daɗewa ita ce tashar Dandalin Juyin Juya Hali, ta 1938. Mutum-mutumin tagulla 76 ne a jere, aikin Matvey Manizer: soja, manomi, ɗalibi, mahaƙin ma'adinai, uwa da ɗanta. Akwai mai gadin iyaka da karensa. Hancin karen har ƙyalli yake, don masu wucewa na shafa shi neman sa'a, musamman ɗalibai lokacin jarrabawa. Gwamnatin da ta yaƙi addini da camfi, ga abin da jama'a suka mai da kayanta! Kuma kusan kowane mutum-mutumi a durƙushe yake ko a zaune, don ya shiga ƙarƙashin bakan ginin. Har ba'a ake yi cewa an nuna al'ummar Sobiyet duka a kan gwiwa.

To, a nan nake da ja. A shekarun da ake zuba wannan tagulla, 1937 da 1938, gwamnatin Stalin, shugaban Sobiyet na lokacin, na harbe mutane dubu ɗaruruwa. Kafin nan, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi a Yukiren da Kazakistan. Amma duba manomin da ke bango: ƙosasshe, damtse kamar ɗan dambe. An ɗaga hoton talaka sama, shi kuwa an toshe masa baki.

Masu zanen ma ba su tsira ba. A 1974 wasu da suka ƙi bin salon gwamnati suka baje ayyukansu a wani fili a Mosko. Hukuma ta turo musu buldoza da motocin feshin ruwa.