Rungume hannu ba ya warkar da kafaɗa

A nan Ingila, idan ka je asibitin unguwa kana kukan kafaɗa, sau da yawa likitan fisiyo, wato mai yi wa gaɓɓai da tsokoki magani da atisaye, shi ne zai fara duba ka. A wurare da dama ma kai da kanka za ka nemi ganinsa, ba sai wani likita ya tura ka ba. A gida kuwa yawancinmu mun ɗauka fisiyo na masu shanyewar ɓarin jiki ne, ko wanda aka cire wa filasta bayan karaya. Mai ciwon kafaɗa sai dai ya sha ƙwaya, in ciwon ya ƙi a yi masa allura, in ya sake ƙi ya rungume hannu ya ce girma ne ya zo. Wannan asara ce, kuma tana ci mini rai, domin na san dattawan da saka riga ya gagare su alhali abin yana da magani.

Duk jiki babu gaɓar da ta kai kafaɗa juyawa, saboda kwarmin da kan ƙashin damtse yake zaune a ciki ba shi da zurfi. Tsokoki huɗu ne da jijiyoyinsu suke tasowa daga allon kafaɗa su riƙe shi, kuma mafi yawan ciwon daga nan yake fitowa. Jijiyar kan gaji, ko ta kumbura, ko ta yage, musamman ga mai aikin da hannu ke wuni sama da kai, kamar mai fenti ko magini, da wanda shekaru suka fara ja. Alamarsa zafi idan an ɗaga hannu ta gefe, da hana barci idan an kwanta a ɓangaren.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne sandarewar kafaɗa. Jakar da ta lulluɓe gaɓar ce take kauri ta takure. Da zafi take farawa, sannan motsi ya yi ta raguwa har mutum ya kasa kai hannu bayansa, ko wani ne ya kama ya ɗaga masa ba zai tafi ba. Ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, ta fi yawa ga mata, kuma masu ciwon suga sun fi kowa shiga haɗarinta. Tana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa uku kafin ta saki. Daɗewa ba a motsa hannu ba, bayan rauni ko tiyata, yana daga cikin abubuwan da ke jawo ta, shi ya sa ajiye hannu wata da watanni da sunan lallaɓawa yake ƙara dagula lamarin.

Akwai amosanin gaɓa, akwai gocewar ƙashi, akwai kuma ciwon da asalinsa daga wuya yake saukowa. Wani ma ba na kafaɗar ba ne sam. Ciwon da ya zo da nauyin ƙirji, gumi ko sarƙewar numfashi yana iya zama na zuciya, a garzaya asibiti nan take. Haka wanda ya faɗi ya kasa ɗaga hannu, ko kafaɗar da ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi. Waɗannan ba na atisaye ba ne.

Ba raina magani nake yi ba. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma shan su wata bayan wata yana iya jawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda. Allurar cikin gaɓa tana ba da sauƙi na 'yan makonni, ga mai suga kuma tana ɗaga sugan na ɗan lokaci. Amfaninsu shi ne su buɗe wa mutum hanya ya iya motsa hannun. Babu ɗayansu da ke ƙara wa tsoka ƙarfi.

Aikin ƙarfafa tsokar shi ne na likitan fisiyo. Zai gwada iya inda hannun ke kaiwa, ya duba wuya, ya gano motsin da ke tayar da ciwon. Sai ya fara da abu mai sauƙi: ka sunkuya ka saki hannu yana lilo, ka hau bango da yatsu sannu a hankali, daga baya ka riƙa jan roba mai talewa, ana ƙara nauyi gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Ɗan zafin da za ka iya jurewa ba alamar ɓarna ba ne. Sai an yi haƙurin mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga canji sosai, kuma a nan mutane da yawa suke sarewa, a gida da waje duka.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne su kansu masu tiyata sun gwada aikinsu. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan tiyatar kankare ƙashin saman kafaɗa, aka ga ba ta fi leƙa gaɓar da kyamara kawai amfani ba. Hoton MRI ma ba shi ne alƙali ba, domin tsofaffi da yawa suna da yagewar jijiya a hoto kuma ba sa jin komai.

Nan Ingilan ma da nata matsalolin. Ana iya jiran makonni kafin layi ya zo kanka, wani lokaci ka fito da takardar atisaye kawai, kana jin kamar an sallame ka. To amma a 2021 an buga sakamakon wani gwajin, shi ma a Birtaniya, kan mutum sama da 700 masu ciwon jijiyoyin kafaɗa. Waɗanda suka zauna sau ɗaya da likitan fisiyo, ya yi musu bayani ya nuna musu atisayen da za su yi a gida, sun samu sauƙi daidai da waɗanda suka yi ta zuwa har sau shida. Wannan ya shafe mu kai tsaye a can gida, mu da likitocin fisiyonmu ba su da yawa kuma galibi suna manyan asibitoci. Zama ɗaya mai kyau, da roba, da bangon ɗaki, ba su fi ƙarfin kowa ba. Roƙona ga likitocinmu na gida shi ne, ranar da za su rubuta wa mai ciwon kafaɗa ƙwaya, su haɗa masa da takardar zuwa sashen fisiyo.