Ciwon daji: mai jikin ya fi kowa haƙƙin sani

"Likita, don Allah kada ka gaya wa Baba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba." Likitoci sun saba jin wannan roƙo da zarar gwaji ya nuna ciwon daji. Sai a ja babban ɗa gefe a yi masa bayani, shi kuwa majinyacin a ce masa ƙari ne, ko gyambon ciki.

Ba mugunta ke jawo haka ba. Da yawa daga masu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba sa isowa sai cutar ta ci jiki, shi ya sa jin sunanta kaɗai ke kashe wa mutane gwiwa. Likita na tsoron majinyaci ya karaya, ya ƙi abinci, ko ya tattara ya koma wurin mai maganin gargajiya. Ba a nan kaɗai ba ne. A Amurka, wani bincike na 1961 ya nuna kashi 90 cikin ɗari na likitocin da aka tambaya sun fi son ɓoyewa. A 1979 kuwa kashi 97 sun ce gara a faɗa.

Ni dai ina ganin ɓoyewar ta fi cutarwa. Matar da gashin kanta ke zubewa bayan an ɗaura mata ruwan kemo, wato maganin ciwon daji, ta san ba ciwon shawara ke damunta ba. Tana shiru don kada ta tayar wa 'ya'yanta hankali, su ma suna shiru, kowa na kukansa a ɓoye. Wanda aka ce wa gyambo ne, me zai hana shi daina zuwa asibiti ranar da ya ɗan ji dama? Ana sayar da gonarsa ba da shawararsa ba. Ga bashin da shi kaɗai ya san da shi, ga wasiyya, ga ɗan'uwan da yake so su yafi juna.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sanar da majinyaci halin da yake ciki, cikin harshen da yake ji, sai in akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa faɗin zai cutar da shi. Fargabar dangi kaɗai ba ta kai wannan hujja ba.

Ba cewa nake a yaɓa masa magana a tsaye ba. Likita ya zauna, ya tambaye shi: "Baba, kai zan yi wa bayanin sakamakon, ko ɗanka?" In ya ce a gaya wa ɗansa, shi ke nan, a bi zaɓinsa. In kuwa ya ce shi za a gaya wa, dangi su yi haƙuri su zauna kusa da shi a yi bayanin tare.