Malamin da ya nuna wa yara kwazazzabo bai yi laifi ba

Na ga mutane suna ta kare shugaban makarantar nan da ya ba malamin darasin zamantakewa takardar tuhuma saboda ya fito da wayarsa a aji, kuma na kasa yin shiru. Abin da malamin ya yi bai wuce buɗe Google Earth ya nuna wa 'yan ƙaramar sakandare unguwarsu daga sama ba, sannan ya koma da hoton zuwa shekarun baya, domin su gani da idonsu yadda kwazazzabon da ke bayan makarantar ya yi ta faɗaɗa har ya ci gidajen mutane. Wannan shi ne koyarwa, kuma hukunta shi a kanta zalunci ne ga yaran kafin ya zama zalunci ga malamin.

A Gombe muke, garin da zaizayar ƙasa take raba mutane da muhallinsu duk damina, amma yaranmu suna haddace ma'anarta da Turanci daga allo ba tare da sun haɗa ta da ramin da suke zagayewa kullum da safe ba. Yaro zai rubuta cewa sare itatuwa yana kawo zaizaya, ya ci jarrabawa, ya koma gida ya zuba shara a magudanar ruwa. Da ya ga hoton unguwarsu lokacin da akwai bishiyoyi a gangaren, ya kuma ga yadda ruwa ya fara yanka ƙasa mai yashi bayan an sare su an yi gine-gine, da ba sai an tilasta masa hadda ba. Haka ma tafkin Chadi: faɗa wa ɗalibi cewa ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tun shekarun 1960 ba ya kama zuciyarsa kamar ya ga hotunan tauraron ɗan'adam gefe da gefe. Gani ya kori ji.

Masu cewa waya tana lalata tarbiyya su tuna cewa wayar tana hannun malami ne, ba hannun ɗalibi ba. Masu kukan rashin wuta kuma, hotunan ana iya sauke su a gida, ƙaramin majigi mai caji kuwa farantin sola ɗaya ya ishe shi. Maganar cewa manhajar karatu ba ta tanadi haka ba ban ma ga abin tsayawa a kanta ba, domin muhalli yana cikin manhajar, kuma babu inda aka ce sai da alli kaɗai za a koyar da shi.

Ina roƙon hukumomin ilimi na jiha su dubi wannan lamari da idon basira, su horar da malamai maimakon tsoratar da su. Tun 2019 aka ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green, ana ta dashen itatuwa, amma bishiya ba ta rayuwa sai da mai ba ta ruwa da mai kare ta daga awaki. Me zai hana a damƙa wa kowane aji nasa bishiyoyin, malami ya riƙa ɗaukar hotonsu duk zango, yara su auna tsawonsu su rubuta, su kuma nemo dalilin mutuwar waɗanda suka bushe?