Jan biron malamin Turanci da likitar da aka mayar namiji

Makon jiya 'yata ta dawo daga makaranta idonta ya yi ja, littafin insha'i a hannu. An ce su yi rubutu da Turanci a kan halayen likita nagari, ita kuma ta yi ta sa "she" duk inda ta ambaci likitan. Malaminsu ya bi da jan biro ya soke kowace ɗaya, ya ɗora "he" a kai, ya rubuta a gefe cewa haka nahawu ya tanada.

Wane nahawu? Wannan ƙa'ida, ta cewa a sa "he" ga duk mutumin da ba a fayyace ko namiji ne ko mace ba, ba daga sama ta faɗo ba. Marubuta littattafan nahawu na ƙarni na 18 ne suka kafa ta a Ingila, alhali manyan marubutansu Shakespeare da Jane Austen duk sun yi amfani da "they" (wato "su") ga mutum ɗaya. A 1850 majalisar Birtaniya ta sa abin a doka: duk inda aka ambaci namiji, har da mace ake nufi. To, da aka zo wajen cin moriya fa? Dokar zaɓe ta 1867 ta ce "man". Mata fiye da 5,000 a Manchester suka nemi a sa su a rajistar masu jefa ƙuri'a. A 1868 kotu ta ce a nan kam maza kaɗai ake nufi. Sai 1918 matan Birtaniya suka samu ƙuri'ar zaɓen majalisa, ita ma ga masu shekara 30 zuwa sama. Haraji da hukunci sun haɗa da su, 'yanci ya tsallake su.

Masu cewa ai kalma ce kawai, a bar ta da malam, ba su karanta wannan tarihi ba.

Harshen da ya ɗauki "marubuci" namiji ne shi ya sa Charlotte Brontë ta fitar da littafinta Jane Eyre a 1847 da sunan Currer Bell, Mary Ann Evans kuma ta mutu duniya na kiranta George Eliot. Sai da suka ari rigar maza kafin a saurare su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Turawan da kansu sun yi gaba. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya karɓi "they" ta mutum ɗaya, har ya zaɓe ta kalmar shekara a 2019. Mu ne muka rage muna gadin abin da masu shi suka yar, muna dukan 'ya'yanmu da shi, a ƙasar da marubuciya Zaynab Alkali ta rubuta littafin The Stillborn tun 1984.

Kwalejojin horar da malamai su sake duba abin da suke koyarwa, masu tsara manhaja su daina barci. Ni dai na je makarantar da littafin a hannuna, na nuna wa malamin shafin, na roƙe shi ya mayar wa yarinyar makinta da likitarta.