Ƙuri'ar ɗan ci-rani a Cape Verde

Duk sanda aka tayar da maganar bai wa mazauna ƙasashen waje damar zaɓe, sai ka ji wani ya ce: wanda ba ya shan ranarmu, don me zai zaɓa mana shugaba? Ni dai ina ganin Cape Verde ta iya raba wannan gardama.

Tsibirai goma ne a teku, yamma da Senegal, jama'arsu wajen rabin miliyan. Fari da yunwa sun daɗe suna korar mutane, har ana ƙiyasin 'yan asalin ƙasar da ke waje, irin su Boston, Lisbon, Rotterdam da Dakar, sun fi na gida yawa. Aikensu ne ke rufa asirin gidaje da dama. Mutumin da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yan ƙaninsa, ya gina wa tsohuwa ɗaki, ranar zaɓe ka ce ba ruwansa? Haba!

Shi ya sa aka ware musu kujeru 6 cikin 72 na majalisa: biyu Afirka, biyu nahiyar Amurka, biyu Turai da sauran duniya. Shugaban ƙasa ma suna zaɓa, sai dai da sharaɗi. Tsarin mulki ya ce nauyin ƙuri'un waje gaba ɗaya ba zai wuce ɗaya bisa biyar na waɗanda aka kaɗa a gida ba.

Kada ka raina wannan kaso. A zaɓen shugaban ƙasa na 2001 Pedro Pires ya kayar da Carlos Veiga da ƙuri'a 12 kacal. A 2006 suka sake karawa, Veiga ya ɗan yi gaba a cikin gida, ƙuri'un waje suka zo suka juya lissafi, Pires ya zarce. In da ni ce mai sayar da kifi a kasuwar Praia, babban birnin ƙasar, wallahi abin zai yi mini ciwo. Ni zan zauna da tsadar shinkafa da ƙarancin ruwa, wanda ya yanke hukuncin kuma yana can Amurka. Ƙorafinta gaskiya ne. Amma ba ita kaɗai ke da ƙasar ba, kuma iyakar nan ta hana na waje su danne ta da yawansu.

Mu a Najeriya ko kusa ba mu kai nan ba. Bar ta na ƙasashen waje: ɗan kasuwar da ya yi rajista a Kano, zaɓe ya same shi a Legas, sai dai ya biya kuɗin mota ya koma mazaɓarsa ko ya haƙura. Ɗan bautar ƙasar da aka tura wata rumfa ya ƙirga ƙuri'un mutane, shi ma tasa ba ta shiga akwati.